Oshoala ta koma Al-Hilal: ta ƙare ne, ko ta san abin da take yi?

Mushe Illa:
Assalamu alaikum mutanen Ader, na gida da na bakin nema. Ina da magana kan Asisat Oshoala, ƴar ƙwallon Najeriya, kuma ina so manya su sa baki, kada a bar wa samari su kaɗai. Tun da ta bar Bay FC ta Amurka ta sa hannu a Al-Hilal ta Saudiyya cikin Satumban 2025, duk fadar da na zauna a Tawa magana guda nake ji: ta ƙare, kuɗi ta bi. Yawancin masu faɗin haka a Barcelona suka fara ganinta, ba su san ta inda ta biyo ba.

A Ikorodu ta jihar Legas aka haife ta a 1994. Ƙwallon unguwa ta fara, cikin yara maza, iyayenta ba su so. Wata ƙaramar ƙungiya ta Legas mai suna FC Robo ta fara ɗaukarta, sai Rivers Angels ta Fatakwal a 2013. A 2014 aka tafi da ita Kanada, gasar duniya ta ƴan ƙasa da shekara 20. Ta ci ƙwallo 7, huɗu daga ciki a ragar Koriya ta Arewa a wasan kusa da na ƙarshe. Jamus ta doke Najeriya 1-0 a ƙarin lokaci, amma takalmin zinare da ƙwallon zinare duk ita ta kwaso, tana da shekara 19. Kafin shekarar ta fita ta ɗaga kofin Afirka a Namibiya tare da Super Falcons, tawagar matan Najeriya. Sai Liverpool a 2015, sai Arsenal a 2016 inda suka ci kofin FA, sai ƙasar Sin, sai Barcelona shekara biyar. Gwarzuwar Afirka sau shida: 2014, 2016, 2017, 2019, 2022, 2023. Wadda ta yi wannan tafiya, in ta haura talatin ta zaɓi inda za ta sauke kayanta, ni ba na kiran wannan ƙarewa.

Ibro Barça:
Wa alaikumus salam Mushe. Duk abin da ka lissafo gaskiya ne, ba mai ja. Ni ma don ita na fara kallon matan Barça. Amma jiya daban, yau daban. A Bay FC ita ta ci musu ƙwallon farko a tarihin ƙungiyar, a ragar Angel City cikin Maris 2024, muka ce to ga ta nan. Shekara ta biyu sai aka daina jin ɗuriyarta. Kofin Afirka da aka yi a Maroko cikin Yulin 2025 fa? Ta ci Tunisiya a wasan farko, daga nan benci ya fi yawa. Ranar ƙarshe da Maroko ta sa su gaba 2-0, su wa suka farke? Okoronkwo, Ijamilusi, Echegini. Ajibade aka ba gwarzuwar gasa. Ba raini ba ne Mushe, ƙafa ce ta yi sanyi.

Zali:
Yaya Ibro, wannan maganar taka an taɓa yin ta a 2017, lokacin da ta bar Arsenal ta tafi Dalian a Sin. Aka ce yarinya ta binne kanta da ranta, wa ke kallon ƙwallon Sin? Ta je ta fi kowa ci a gasarsu, suka ɗauki kofi shekara biyu a jere, kuma daga can ɗin Barcelona ta aro ta cikin Janairun 2019. Wata huɗu bayan haka tana Budafes a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai. Lyon ta zuba musu huɗu kafin minti 31, Hegerberg kaɗai ta ci uku, kowa ya sadda kai. Ita aka sako daga benci, ta ci a minti na 89. Ba ta hana su faɗuwa ba, amma ita ce ƴar Afirka ta farko da ta ci ƙwallo a irin wannan wasa. A 2021 suka dawo suka yi wa Chelsea 4-0 a Siwidin, ta zama ta farko a nahiyarmu da ta riƙe kofin. Kakar 2021-22 ta ci 20 a gasar Sifen duk da jinyar da ta yi, suka raba kambun da Geyse ta Birazil.

Ibro Barça:
Ƙanwata, a 2017 shekarunta 22. Yanzu fa? Shi ne bambancin.

Alhaji Mai Albasa:
Salamu alaikum. Ni ban san ƙwallo kamar ku ba, amma na san nema. Ku yara kuna ba ni mamaki. Mu mutanen Ader da wanga ƙasa ta san mu da shi, mi ne ne in ba tahiya bida ba? Ubanninku sunka tahi Abijan, sunka tahi Kamaru, wasu Libiya, wasu Gabon. Wa ya taɓa tare su bakin tasha ya ce don mi kunka bi kuɗi? Inda kasuwa take nan aka kai kaya. Yarinya ta yi shekara goma sha tana gudu bisa hili, ƙafa ita ce jarinta, kuma jarin ga ba ya daɗewa. Ta samu inda za a biya ta da kyau, ƙasar Musulmi, ita ko Musulma ce, ga Umra kusa. Ku ce mata Allah shi sa albarka, ku bar ta.

Tanti Rabi:
Alhaji ka taɓo inda nake son zuwa. Ni aikin asibiti nake a Yamai, gwiwa na gani iri-iri. Oshoala ta yi ciwon gwiwa tun tana Liverpool. A 2022 wasan farko na kofin Afirka, da Afirka ta Kudu, gwiwa ta sake fitar da ita daga gasar baki ɗaya. Wasan ƙarshe na zakarun Turai a 2023, da Barça ta ci Wolfsburg 3-2, rauni ya hana ta shiga. Jiki yana ajiye lissafin waɗannan abubuwa, ba ya mantawa.

Kuma ku tuna su wane ne matan nan suka yi wa aiki. A 2016 sun ci kofi a Yawunde, a gaban ƴan Kamaru cike da fili, Oshoala ta fi kowa ci da ƙwallo 6. Da suka koma Abuja sai da suka zauna a otal suka ce ba inda za su sai an biya su haƙƙinsu, har suka fito titi da kwalaye. A 2019 a Faransa an sake irinta. A 2022 a Maroko suka ƙi fita atisaye, duk a kan alawus. Namiji mai sunanta, a irin ƙungiyoyin da ta buga wa, da tuni ya tara abin da jikokinsa za su ci. Ita ba haka ba ne. Don haka in ta lissafa shekarun da suka rage mata a fili ta ce bari in tara, ni hankali na gani.

Ibro Barça:
Tanti na yarda da batun kuɗi. Ni ciwona gasar Saudiyya ta mata sai 2022 aka kafa ta. Wa za ta kara da shi a can da zai sa ta ci gaba da kaifi?

Zali:
Ashleigh Plumptre tana Al-Ittihad ta Saudiyya tun 2023, kuma da ita aka ci kofin Afirka na 2025 a bayan Najeriya. Kaifinta bai tafi ba.

Sani Ɗan Abijan:
Ina gaida manya. Na karanta duka. Ni wani abu ke ci mani rai: mun zauna muna auna ko ɗiyar Legas ta ƙare ko ba ta ƙare ba, namu ɗiyan ko farawa ba su yi ba. Cikin Mayun 2019 aka yi gasar mata ta yankinmu a nan Abijan. Da muka ji Mena ta mata, tawagar ƙasarmu Nijar, za ta buga da Najeriya, muka rufe tebur mu kaɗan muka je da tuta. 15-0. Oshoala ma ba ta cikin tawagar, Uchenna Kanu ita kaɗai ta ci biyar. Ban ji haushin yaran ba wallahi. Abin da na gani da idona: minti ashirin na farko suna gudu da zuciya, suna faɗuwa suna tashi. Bayan an dawo hutu sai ka ga yarinya ta dafa gwiwa biyu tana neman numfashi, ƙwallo na wucewa gabanta tana kallo, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Mai tsaron gidan tana ɗauko ƙwallo daga raga tana share ido da bayan safar hannu. Da aka tashi muka tsaya muka tafa musu, wani ɗan Kodebuwa kusa da ni ya tambaye ni ko suna da gasa a gida. Na rasa abin da zan ce masa.

Mushe Illa:
Sani, Allah ya yi maka albarka, ka kawo mu inda maganar take. Abin da nake son samarin fada su gane ke nan. Oshoala ba daga sama ta faɗo Barcelona ba. Akwai wanda ya gan ta tana buga ƙwallon unguwa ya ce zo. Akwai FC Robo, ƙungiya ba ta gwamnati ba, ba ta mai kuɗi ba, kuma daga cikinta Rasheedat Ajibade ma ta fito, wadda ke riƙe da kambun Super Falcons yanzu. Sama da Robo akwai Rivers Angels da jiha ke biya wa albashi. Sama da ita akwai tawagar ƴan ƙasa da 20 da ke zuwa gasar duniya duk bayan shekara biyu. Kafin a haifi Oshoala Najeriya ta riga ta ci kofin Afirka a 1991, tana ƴar shekara huɗu su Mercy Akide suka kai zagayen ƴan takwas a gasar duniya ta 1999. Ta taso ta tarar da hanya a share, ita kuma ta zo da gudu da ƙarfin da Allah ya ba ta.

Mu fa? Ni malamin motsa jiki ne, bari in faɗi abin da nake gani a makaranta. A aji na farko na kwaleji ƴan mata suna fitowa fili da murna. Akwai waɗanda in sun ɗaure hijabi a ƙugu suka tuɓe silifa, yaro namiji bai kamo su a mita ɗari. Shekara biyu bayan haka rabinsu sun kawo mani takardar likita wai ba su iya gudu, alhali lafiyarsu lau, a gida aka ce girma ya zo. Zuwa shekarar BEPC, jarabawar kammala kwaleji, wasu an ɗaura musu aure. Ƙididdigar UNICEF ta ce kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. A shekarun da Oshoala ke koyon tsayar da ƙwallo a Robo, tamu tana wankin kwanonin gidan miji. Wadda ta tsira, ina za ta? Ƙungiyoyin mata da ake jin sunansu yawanci a Yamai suke, na ƴan sanda da na masu kaki, tafiyar fiye da kilomita 500 daga nan. Wane uba zai sa ɗiyarsa mota ita kaɗai?

Zali:
A 2021 AS Police ta Yamai ta je Abijan wasannin neman shiga gasar zakarun Afirka ta mata, rukuni guda da Rivers Angels ɗin nan da Hasaacas ta Gana. Hasaacas da Rivers Angels ne suka wuce, Hasaacas har ta kai wasan ƙarshe a Alƙahira. Wato muna shiga fili guda da su, amma ba shiri guda muke zuwa da shi ba.

Malam Habu:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na yi shiru ina karatu, amma tunda an zo kan ɗiyanmu dole in yi magana. Mushe, kana faɗin uwaye sun hana kamar ba su da dalili. Suna da shi. Ni na ga abin da ya faru a 2023, ba labari aka ba ni ba. Ranar Alhamis ce da hantsi, na biyo ta wani shago an cika ana kallon Najeriya da Ostareliya. Wagga yarinya da kuke yabo ta ci ƙwallo, ta tuɓe riga gaban duniya. Uban da ya ga wannan, ka zo ka ce ya ba ka ɗiyarsa ka kai ta fili, mi kake so ya ce maka? Motsa jiki ba haram ba ne, Musulunci bai hana mace ƙarfin jiki ba. Amma sutura da cakuɗuwa da maza ba abin wasa ba ne wurinmu.

Zali:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Abin da ka gani ya faru, alkalin wasa ma ya ba ta katin gargaɗi. Ita da kanta ta rubuta daga baya cewa mahaifinta bai ji daɗin abin ba. Ka ga ke nan gidansu ma gida ne mai faɗa, irin namu. Amma Malam, a gasar nan guda, kwana uku bayan wannan wasa, Nouhaila Benzina ta Maroko ta shiga fili da Koriya ta Kudu da hijabinta, hannu rufe, ƙafa rufe. Ita ce ta farko a babbar gasar duniya, kuma Maroko ta ci wasan. Tun 2014 dokar ƙwallo ta halatta rufe kai. Saudiyya da ba ta barin mata shiga kallo sai 2018, yau ita ke ɗauko gwarzuwar Afirka ta biya ta. Don me hoton farko kaɗai zai tsaya mana a ido, na biyun ya wuce?

Ibro Barça:
Kuma a bar batun riga, a dubi ƙwallon. An sako ta daga benci, ba ta yi minti goma ba. Mai tsaron baya da mai tsaron gida suka rikice, ta kutsa tsakaninsu, ta buga daga wani lungu da ba wanda ya zaci za ta shiga. 3-2 a gidan masu masauki. Ita ce ta farko daga Afirka da ta ci a gasar duniya ta mata uku: ragar Siwidin a 2015, ta Koriya ta Kudu a 2019, ta Ostareliya a 2023. A fadarmu butar shayi ta kife ranar, ba wanda ya kula.

Malam Habu:
Ɗiyata Zali, na ji, kuma ban san labarin ta Maroko da wanga bayani ba sai yanzu. Amma ki lura, abin da Saudiyya ta yi ba shi ne hujja ba a addini, hukuma daban, shari'a daban. Ni matsayina bai canza ba: in fili ne mai katanga, mace ke horarwa, sutura ta cika, lokacin salla an tsaya, ba ni da ta cewa. In kuwa filin unguwa ne da ƴan kabu-kabu za su jeru bisa babura suna kallo suna ihu, ba da ni ba. Kuma ko Oshoala ta ci ƙwallo dubu, ba zan ce wa ɗiyata ta yi koyi da ita a komai ba.

Tanti Rabi:
Malam, sharuɗɗanka ba su fi ƙarfinmu ba, sai guda: mace mai horarwa. Ina za a samo ta in ba a bar wata ta buga ba tun farko? Mu lokacinmu ƙwallon hannu muka yi a makaranta, kuma namiji ne ya koya mana, da wandunanmu har ƙasa, ba abin da ya same mu. Dole wani layi ya fara a hannun namiji kafin a samu matan da za su karɓa.

Maman Hadiza:
Ina wuninku. Ni ban cika magana a nan ba, amma yau abin ya zo har ɗakina. Mushe ya san ɗiyata, tana ajinsa. Shekararta 13. Tun tana ƙarama in aka aike ta awo sai ta daɗe, ashe tsayawa take bayan makaranta inda yara maza ke buga ƙwallo a rairayi. Rannan na bi ta a ɓoye. Na tarar an sa duwatsu biyu a matsayin raga, ita ce a gaba, ta naɗe zane ta cusa a wando, ƙafa ba takalmi, babban yatsa ɗaure da tsumma. Na ga ta yanke wani yaro da ya fi ta tsawo har ya zauna ƙasa. Na zo da niyyar duka, sai na tsaya ina kallo. Ban san lokacin da na yi murmushi ba.

Amma ni uwa ce. Maƙwabta sun fara magana, wai na bar ɗiya ta zama namiji, wa zai aure ta. Wannan bai dame ni kamar karatu ba. Na ji an ce ita Oshoala barin makaranta ta yi don ƙwallo. Hadiza ta ji wannan labari, yanzu shi take kawo mani in na ce ta ɗauki littafi. Ku da kuka san abin, me zan ce mata?

Alhaji Mai Albasa:
Ki ce mata a'a, da babbar murya. Ɗiyata, guda nawa sunka bar lakkwal a Legas don ƙwallo? Guda nawa munka ji sunansu? Guda ɗai. Sauran suna ina? Ni na goyi bayan yarinyar ga kan neman kuɗinta, amma ban goyi bayan a aje karatu ba, balle a ƙasar da ko gasar kirki babu. Ta riƙe littahi da hannu biyu.

Mushe Illa:
Maman Hadiza, gaskiya ne ta bar karatu, kuma iyayenta sun yi fushi sosai. Amma ki gaya wa Hadiza ƙarshen labarin: da Oshoala ta samu hali ta kafa gidauniya da makarantar ƙwallo ta ƴan mata a Legas, kuma abin da take ta nanatawa shi ne a haɗa ƙwallo da karatu. Ita da ta bi waccan hanya ba ta so wasu su bi ta. Echegini da ta ci wa Najeriya ƙwallon kofi a 2025, ta jami'ar Amurka ta biyo. Michelle Alozie ma haka, har aikin binciken cutar daji take yi a wani asibitin yara a Texas tana kuma buga wa Houston. A wurina doka guda ce: wadda makinta ya faɗi ba ta taɓa ƙwallo sai ya tashi. Hadiza tana da ƙafar hagu da ban taɓa ganin irinta a yarinya ba, kuma lissafinta ba laifi. Kada a sa ta zaɓi guda tun yanzu.

Sani Ɗan Abijan:
Ni dai har yanzu a wurina Perpetua Nkwocha ta fi ta. Huɗu ta ci ita kaɗai a wasan ƙarshe da Kamaru a 2004. Gwarzuwar Afirka sau huɗu lokacin da ba kyamara, ba intanet. Da a zamanin nan ta zo, da ba a Sunnanå ta Siwidin za ta ƙare ba.

Ibro Barça:
Yaya Sani wannan muhawarar wata rana ce, kada ka tada ta yanzu, sai mu kwana. Sama da ƙwallo 100 a Barcelona fa. Ta farko daga Afirka da aka sa cikin jerin Ballon d'Or na mata a 2022.

Tanti Rabi:
Ku bar Perpetua ta huta. Ni Maroko nake so mu duba, don sun fi kama da mu ta wajen addini da tunanin iyaye. Shekara goma baya wa ke lissafa su a ƙwallon mata? A 2020 hukumarsu ta tsara gasa mai hawa biyu ta ƙwararru, ta ɗauki nauyin albashin ƴan wasa, ta buɗe musu cibiyar horo ta Muhammad na Shida da maza ke amfani da ita. A 2022 sun kai wasan ƙarshe na kofin Afirka, a 2023 sun fita rukuni a gasar duniya Jamus ta koma gida, a 2025 sun sake kai wasan ƙarshe. Iyaye sun saki ɗiyansu ne da suka ga abin yana da tsari da albashi da mutunci. Ban ce FENIFOOT, hukumar ƙwallon Nijar, na da kuɗin Maroko ba. Amma mun karɓi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da 17 a 2015, da ta ƴan ƙasa da 20 a 2019, duk na maza. Ƙasar da ta iya wannan ba za ta kasa shirya gasar ƴan mata tsakanin kwalejojin jiha guda ba. Kuma kada wani ya ce jikin ɗiyan Nijar ne bai kai ba. Aminatou Seyni ta zo ta huɗu a duniya a mita 200 a 2022.

Zali:
Tanti, kuma ba mu kaɗai ba ne. Ki duba tawagar Super Falcons, da wuya ki ga ɗiyar Sakkwato ko Kano ko Katsina. Duk ƙasar Hausa ce ke zaune a bakin fili.

Mushe Illa:
To ga abin da ke hannuna, don kada mu watse da magana kaɗai. Makarantarmu tana da katanga da ƙofa. Zan nemi izinin darakta a ba mu fili ranar Asabar bayan la'asar, ƴan mata zalla, ƴan shekara 11 zuwa 14. Akwai wata madam mai koyar da Faransanci da ta yarda ta riƙa zama da mu daga farko har ƙarshe. Duk yarinyar da za ta zo sai da yardar uba ko wanda ke tsaye a kanta, baki da baki, ba takarda ba. Ƙwallo biyu gare ni, guda ta sha ɗinki.

Malam Habu:
In ƙofa a rufe take kuma madam tana nan, zan zo da kaina in gani kafin in ce komai. Wa zai riƙe makulli? Kuma a tashi kafin magariba, ba a bakinta ba.

Alhaji Mai Albasa:
Makulli wurin madam, ba wurin Mushe ba, don bakin mutane. Ni na ɗauki ƙwallo biyu sabbi da dogayen wanduna, a kai ma tela awo. Amma in na ji guda ta faɗi jarabawa na janye hannuna.

Ibro Barça:
Ni zan zo in ja layi da toka da safe in tafi kafin su iso. Amma Mushe, kan maganar farko ban sauka ba. Mu ga abin da za ta yi a Al-Hilal zuwa ƙarshen kaka, sai mu sake zama.

Maman Hadiza:
Na gode muku duka. Ni ba zan yanke ba, babanta yana Agadas, sai ƙarshen wata zai dawo. Mutum ne mai jin maganar manya. Alhaji, in ka yarda kai da Malam ku same shi, zai fi sauraronku bisa ni. Kafin nan ban gaya mata komai ba, kada ta sa rai.

Alhaji Mai Albasa:
Shi iso tukuna. Ki shaida mani ranar da ya sauka.

Tanti Rabi:
Maman Hadiza, ko ya yarda ko bai yarda ba, yatsan nan da ke ɗaure da tsumma a wanke shi da ruwan gishiri mai ɗumi, a duba ko farcen ya shiga nama. In ya kumbura a kai ta asibiti. Kuma ki turo mani lambar takalminta ta waya, akwai mai zuwa Tawa ranar Laraba.